Sheikh Abubakar Gumi a Kan Kujerar Alƙalin Alƙalai

Idan aka ambaci marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, abin da ke faɗo wa jama'a a rai shi ne tafsirinsa a Masallacin Sultan Bello da ke Kaduna. Ba kasafai ake tuna cewa alƙali ne ɗan alƙali ba.

An haife shi a garin Gummi, inda mahaifinsa ke alƙalanci. Ya yi Midil ta Sakkwato da Makarantar Shari'a ta Kano, sannan ya ƙaro ilimi a Bakht er-Ruda ta Sudan.

A 1960, jajiberin samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a domin Jihar Arewa baki ɗaya, a madadin wata kotun da aka kafa a 1956. An mayar da hukuncin laifuffuka ƙarƙashin sabon kundin Final Kod, aka bar wa sabuwar kotun sha'anin aure da saki da gado da waƙafi da riƙon marayu. Gumi ya fara da muƙamin mataimaki, kuma a 1962 ya zama Alƙalin Alƙalai.

Kada mai karatu ya raina wannan hurumi. Matar da aka danne wa gado a Adamawa, da marayan da aka cinye wa gona a Katsina, ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa. Alƙalin ƙauye kuwa ya san akwai mai bin diddigin hukuncinsa da littattafan Malikiyya a hannu.

Da aka kasa Arewa gida shida a 1967, sannu a hankali kowace jiha ta samu tata kotun. Yunƙurin kafa ta tarayya ya ci tura a Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1978, bayan zazzafar muhawara. Yau ƙararrakin sukan wuce zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa.

Malam ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi Lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. Ra'ayoyinsa kan ɗariƙu sun raba kan malamai, kuma har gobe ana tafka muhawara a kansu. Amma tambayar da kujerarsa ta bari tana jiran amsa: wa zai daidaita hukuncin jihohi idan suka saɓa a kan mas'ala guda?

Allah Ya jiƙansa, amin.