Jimi Hendrix: Bahagon da ya sauya amon jita

Shekaru huɗu kacal tauraron Jimi Hendrix ya yi yana haskawa, amma har yau akwai wani haɗin sauti na jita da makaɗa ke kira da sunansa.

An haife shi a birnin Seattle na Amurka ranar 27 ga watan Nuwamban 1942, a gidan talakawa baƙar fata. Bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Da kunne ya koya, kamar dai yadda makaɗan garaya da gurmi ke yi a ƙasar Hausa.

Ya shiga soja a 1961, ya fita bayan shekara guda, ya riƙa bin mawaƙa irin su Little Richard yana kaɗa musu jita. Duniya ba ta san da shi ba sai da Chas Chandler ya kai shi London a 1966.

Da yake bahago ne, sai ya kife jitar na-dama, ya sake jera tsirkiyoyinta.

Haɗin da ake jingina masa, wanda ake rubutawa E7#9, sauti huɗu ne ake bugawa tare: E da G# da D da G. Sirrin yana tsakanin G# da G. A tsarin kiɗan Turawa na farkon farin ciki yake nunawa, na biyun kuma alhini, don haka ba kasafai ake gama su ba. Idan suka haɗu sai a ji amon na karo da kansa, tamkar mai dariya da hawaye a ido. Ko an juya jerin, an sauya sautin da ke ƙasa, wannan karon ba ya gushewa.

Ba shi ya ƙirƙiro haɗin ba, domin makaɗan jaz sun riga shi. Sai dai su ratsawa suke yi ta kansa su wuce, shi kuwa a kansa ya kafa waƙarsa Purple Haze ta 1967.

Tasirinsa ya kai Sahara, inda Bombino, makaɗin jita ɗan Agadez, ya goge hannunsa ta hanyar kallon bidiyonsa lokacin da yake gudun hijira.

Hendrix ya mutu a London ranar 18 ga watan Satumban 1970 yana da shekara 27, bayan ya shaƙe cikin barci sakamakon shan ƙwayoyin sa barci. An binne shi a garin Renton, kusa da Seattle.