Karl Jansky, Injiniyan Da Ya Fara Jin Sautin Taurari

Duk wanda ya saba neman tasha a gajeren zango ya san ƙarar nan ta shuu da ke cika rediyo tsakanin tasha da tasha. Bin diddigin irin wannan ƙara ne ya kai wani matashin injiniya Ba'amurke, Karl Jansky, ga buɗe sabon babi a ilmin taurari, ko da yake bai rayu ya ga abin da aikinsa ya haifar ba.

An haife shi ran 22 ga watan Oktoba na 1905 a garin Norman da ke jihar Oklahoma, inda mahaifinsa ke shugabantar sashen koyar da aikin injiniya a jami'ar jihar. Ya kammala karatun kimiyya a Jami'ar Wisconsin cikin 1927, a shekarar da ta biyo baya kuma ya sami aiki a cibiyar bincike ta kamfanin tarho na Bell. Da ƙyar aka ɗauke shi, saboda ciwon ƙoda da yake fama da shi, sai da wansa ya sa baki.

A lokacin kamfanin na neman inganta buga tarho ta iska zuwa Turai, amma hayaniya tana dagula magana. Aka ɗora wa Jansky alhakin gano inda take fitowa. A Holmdel ta jihar New Jersey ya haɗa wata eriya mai tsawon kimanin mita 30, ya ɗora ta bisa tayoyin motar Ford guda 4, tana kewayawa sau ɗaya cikin minti 20, tana saurare a kan mita 14 da rabi.

Iri biyu na hayaniyar ba su ba shi wuya ba: tsawa ce, ta kusa da ta nesa. Ta ukun ita ce ta ɗaure masa kai. Ƙara ce siririya wadda ba ta yankewa, tana ƙaruwa tana raguwa sau ɗaya a yini. Da farko ya zaci daga rana take. Amma da watanni suka shuɗe sai ya lura kullum ƙarar tana riga ranar da minti 4, wato tana dawowa bayan awa 23 da minti 56. Wani abokin aikinsa, Melvin Skellett, wanda ya san falaki, shi ya nuna masa cewa wannan lissafin taurari ne, ba na rana ba. Daga nan Jansky ya gano tana fitowa ne ta wajen burujin da malaman falaki ke kira Ƙausu, daga tsakiyar babban gungun taurarin da duniyarmu ke cikinsa.

Jaridar New York Times ta buga labarin a shafin farko ran 5 ga watan Mayu na 1933. Bayan haka sai shiru. Jansky ya nemi a gina masa eriya mai siffar faranti, faɗin mita 30, ba a yi ba. A ganin kamfanin ya riga ya sami amsar tambayarsa, tunda ƙarar ba ta hana tarho aiki. Su kuwa masana taurari, madubin hangen nesa suka sani, harkar rediyo baƙuwa ce a gare su, ga kuma karayar tattalin arziki da ta addabi Amurka. Ana iya yi wa kamfanin uzuri, amma sakacin masanan ya fi wuyar karewa. Mutum guda, Grote Reber, shi ya ɗauki zancen da muhimmanci, ya gina faranti mai faɗin mita 9 a bayan gidansu a jihar Illinois cikin 1937, da kuɗin aljihunsa.

Jansky ya ci gaba da sauran ayyukan kamfani har ya rasu ran 14 ga watan Fabrairu na 1950, yana da shekara 44.

A yau da sunansa ake auna ƙarfin saƙon rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya, kuma tun 2012 faranti 27 da ke jere a hamadar New Mexico suke amsa sunansa. Sai dai aikin ya fi ƙarfin ƙasa guda. Gwargwadon nisan da ke tsakanin farantai, gwargwadon kyan gani, saboda haka dole ƙasashe su haɗa nasu. Ghana ma ta mai da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 da ke Kutunse na'urar sauraron taurari cikin 2017. A wannan shekarar ce tashoshi 8, daga Hawaii zuwa Spain zuwa ƙuryar kudancin duniya, suka fuskanci kusurwar da Jansky ya nuna, a lokaci guda. Masana fiye da 300 suka shafe shekara 5 suna tace bayanan, kafin a watan Mayu na 2022 su fito da hoton baƙin ramin da ke wurin, wanda nauyinsa ya kai na rana miliyan 4.