JOHN WESLEY, MUTUMIN DA YA RABA AIKIN KIWO

An haifi John Wesley a Epworth, wani ƙaramin gari na Ingila, cikin shekara ta 1703. Ubansa Samuel fasto ne, uwarsa Susanna kuwa mace ce mai tsoron Allah, ita ta fara koya wa 'ya'yanta karatu a gida. A 1709 gidansu ya kama wuta da dare, da kyar aka fid da yaron ta taga kafin rufi ya faɗi. Ya yi karatu a Oxford, inda shi da ƙanensa Charles da abokansu kaɗan sukan taru domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, su kuma ziyarci 'yan kurkuku.

A 1735 ya tashi zuwa Jojiya ta Amurka domin aikin bishara, amma aikin bai yi albarka ba, ya koma gida da baƙin ciki. Ran 24 ga Mayu, 1738, cikin wani taro a titin Aldersgate na London, ya sami tabbaci a zuciyarsa cewa Almasihu ya ɗauke zunubansa. Shekara ta zagayo, ya fara wa'azi a fili a Bristol, talakawa da masu haƙar gawayi suna taruwa dubbai. Da yawa suka tuba. To, wa zai yi kiwonsu bayan mai wa'azi ya hau dokinsa ya wuce?

Amsar ta zo ta hanyar bashi. Masu bi na Bristol sun gina ɗakin taro, ba su gama biya ba. Ran 15 ga Fabrairu, 1742, wani Kyaftin Foy ya ba da shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako, a kasa jama'a goma sha biyu-biyu, mutum ɗaya ya riƙa bi yana karɓa. Shi kansa ya ce a ba shi matalauta goma sha ɗaya, wanda ya kāsa shi zai biya masa. Da masu karɓan nan suka shiga gidaje, sai suka ga abin da fasto ba ya gani: wannan ba shi da lafiya, wancan ya koma shan giya, waɗancan ba sa ga maciji da juna. Wesley ya gane abin da ya daɗe yana nema ke nan. Ya kira kowane kashi aji, ya sa masa shugaba.

Mu lura da yadda ya horar da shugabannin nan, gama yawancinsu masu sana'ar hannu ne, maza da mata, ba su yi makaranta mai zurfi ba. Na fari, ya bayyana musu aikinsu dalla-dalla cikin dokokin da ya buga a 1743: su ga kowane ɗan aji sau ɗaya a mako, su tambayi lafiyar ransa, su gargaɗe shi, ko su tsauta masa, ko su ta'azantar da shi, su karɓi taimakon matalauta. Na biyu, kowane mako shugabanni sukan zauna da mai wa'azi su faɗi wanda ke ciwo da wanda ke bauɗewa, a nan ne suke koyon aikin. Na uku, wata uku-uku akan bincika kowane aji a ba masu aminci takardar shaida. A Newcastle, cikin 1743, ya fid da mutum 64 saboda halinsu. Da ziyarar gida-gida ta yi wuya, domin waɗansu barori ne a gidan iyayengijinsu, sai aji ya koma taruwa wuri ɗaya.

Ƙofar aji kuwa a buɗe take. Ba a tambayar mutum ko ya riga ya sami ceto, sai dai ko yana marmarin tsira daga zunubinsa. Da haka mutane da yawa suka ba da gaskiya a cikin aji. Daga irin shugabannin nan aka sami masu wa'azi, kamar Francis Asbury, wanda ya tafi Amurka a 1771.

Wesley ya rasu a London ran 2 ga Maris, 1791, yana da shekara 87. Ya bar masu bi fiye da 70,000 a ƙasarsa, kowa yana da wanda ke tambayar lafiyar ransa. A 1842 magadansa suka aiko Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Musa ma, da aiki ya yi masa yawa, surukinsa Yetro ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni har na goma-goma. Idan fasto ɗaya ne ke ɗauke da ikilisiyarmu duka, bari mu nemi amintattu a cikinmu, a koya musu, a ba kowa mutane kaɗan, a kuma riƙa zama da su kowane mako a ji labarin tumakin.