Shivaji: Sarkin Maratha da har yau ake rigima kan gadonsa a Indiya

A ranar 26 ga Agustan 2024 wani mutum-mutumi mai tsawon ƙafa 35 ya rushe a garin Malvan da ke gaɓar teku a jihar Maharashtra ta Indiya, ƙasa da wata tara bayan Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da shi. 'Yan adawa suka fantsama tituna, Modi ya fito bainar jama'a ya nemi gafara, daga baya kuma 'yan sanda suka kama wanda ya ƙera shi.

Mutumin da aka yi wa wannan mutum-mutumi ya mutu tun 1680. Sunansa Shivaji Bhonsle, wanda ya kafa daular Maratha a yammacin Indiya. Babban filin jirgin sama na Mumbai da babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin duk sunansa suke ɗauke da shi, kuma a 2022 sojin ruwan Indiya sun sauya tutarsu da wata mai alamar da aka kwaikwayo daga hatiminsa. Sai dai duk da wannan girma, Indiyawa ba su daidaita kan ko wane ne shi ba, ballantana na waye.

Tasowarsa

An haifi Shivaji a ganuwar Shivneri, kan wani tsauni kusa da garin Junnar a yankin Pune. Hatta ranar haihuwarsa abin jayayya ce. Gwamnatin Maharashtra ta tsayar da 19 ga Fabrairun 1630, amma wasu masana na baya sun tafi a kan 1627.

A lokacin, yankin Deccan na hannun sarakunan Musulmi na Ahmadnagar da Bijapur da Golconda, yayin da daular Mughal ke matso su daga arewa. Mahaifinsa, Shahaji, kwamandan yaƙi ne da ya yi wa Ahmadnagar aiki, ya taɓa komawa wajen Mughal na ɗan lokaci, sannan ya ƙare a Bijapur. Ya yi yaƙi ƙarƙashin Malik Ambar, bawan da aka kawo daga Habasha ya zama mai juya mulkin Ahmadnagar, wanda ya yi suna wajen wahalar da Mughal da yaƙin sunƙuru. Irin wannan dabara ce Shivaji ya ɗauka ya ƙware a kai.

Bijapur ta tura Shahaji kudu, inda ya zauna a Bangalore. Shivaji ya taso a Pune wurin mahaifiyarsa Jijabai, yayin da wani jami'i mai suna Dadoji Konddev ke kula da ƙasar da aka ba mahaifinsa. A 1646, yana saurayi, ya karɓe ganuwar Torna da taimakon samarin ƙauyukan tsaunukan yankin. Daga nan ya riƙa ƙwace ganuwa bayan ganuwa. A 1656 ya murƙushe gidan sarautar More na Javali, waɗanda su ma 'yan Maratha ne mabiya addinin Hindu, ya buɗe wa kansa hanyar gaɓar teku.

Ganawar da ta ƙare da jini

Da abin ya ishi Bijapur, sai ta turo babban kwamandanta Afzal Khan. Suka shirya ganawa a gindin ganuwar Pratapgad ranar 10 ga Nuwamban 1659. A cikin tantin ganawar Shivaji ya kashe Afzal Khan, sannan mayaƙansa da ke ɓoye a daji suka afka wa rundunar Bijapur.

Wa ya fara cin amana? Littattafan Maratha sun ce Afzal Khan ne ya fara kai sara lokacin da suka rungumi juna, sulken da Shivaji ya saka a ƙarƙashin riga ya cece shi, shi kuma ya farke masa ciki da wani makami mai kama da faratan damisa. Marubutan fadar Musulmi kuwa sun ɗora wa Shivaji laifin yaudara. An binne Afzal Khan a gindin ganuwar, kuma kabarin ya zama wurin taƙaddama, har a Nuwamban 2022 hukumomi suka rusa gine-ginen da aka ƙara a kewayensa.

Karo da Aurangzeb

Sarki Aurangzeb na Mughal ya turo kawunsa Shaista Khan, wanda ya mamaye Pune ya tare a gidan da Shivaji ya girma. Wani dare a Afrilun 1663, Shivaji da 'yan mutane kaɗan suka kutsa gidan. Shaista Khan ya sha da ƙyar, ya rasa 'yan yatsu. A farkon 1664 Shivaji ya far wa Surat, tashar jiragen ruwa mafi arziki ta Mughal, wadda ta nan ne alhazan Indiya da yawa ke tashi zuwa Makka. Ya kwashi ganima mai yawa, ya kuma sake komawa a 1670.

Wanda ya iya durƙusar da shi ba Musulmi ba ne. Raja Jai Singh ne, basaraken Rajput mai bin addinin Hindu da ke jagorantar rundunar Mughal. A yarjejeniyar Purandar ta 1665, Shivaji ya miƙa ganuwa 23 ya riƙe 12. Shekara ta gaba ya tafi Agra da ɗansa Sambhaji don gaida Aurangzeb. A fada aka tsayar da shi a sahun da yake ganin bai kai darajarsa ba, ya nuna fushinsa a fili, aka yi masa ɗaurin talala. Bayan wata uku ya sulale. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne a cikin kwandunan kayan zaƙi aka fitar da shi. Daga 1670 ya sake ɗaura yaƙi, ya ƙwato yawancin abin da ya rasa.

Naɗin sarauta da tsarin mulki

Da ya nemi a naɗa shi sarki, sai ya ci karo da tsarin Hindu na fifita mutane bisa gidan da aka haife su. Wasu malaman Brahmin na yankinsa suka ce shi ba jinin mayaƙa masu sarauta ba ne. Aka ɗauko wani babban malami, Gaga Bhatt, daga Varanasi, wanda ya amince da salsalar da ta danganta gidan Bhonsle da sarakunan Sisodia na Rajasthan. Ranar 6 ga Yunin 1674 aka naɗa shi a ganuwar Raigad da laƙabin Chhatrapati. Mahaifiyarsa ta rasu ƙasa da mako biyu bayan bikin.

Ya kafa majalisar manyan jami'ai takwas, ya riƙa biyan sojoji albashi maimakon raba musu ƙasa, ya rage ƙarfin masu gadon karɓar haraji a karkara. Daga yankunan maƙwabta yana karɓar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shigarsu domin kada ya kai musu hari. Ya gina rundunar ruwa da ganuwoyin teku irin su Sindhudurg, ko da yake har ya mutu bai iya cin tsibirin Janjira ba, wanda ke hannun 'yan Siddi masu asali daga Afirka. Ya kuma sa aka haɗa ƙamus don maye gurbin kalmomin Farisanci na aikin gwamnati da na Sanskrit.

A 1677 ya ƙulla ƙawance da sarkin Musulmi na Golconda, ya nausa kudu ya ci ganuwar Gingee, daga baya Vellore ma ta faɗo hannun mutanensa, duk a jihar Tamil Nadu ta yau. Ya rasu a Raigad ranar 3 ga Afrilun 1680 bayan rashin lafiya, yana da kimanin shekara 50. Aurangzeb ya kashe magajinsa Sambhaji a 1689, amma ya ƙare sauran rayuwarsa yana yaƙi a Deccan ba tare da ya gama da Maratha ba. A ƙarni na 18 ikonsu ya kai har Delhi, kafin Turawan Birtaniya su kawo ƙarshen daular a 1818.

Jarumin Hindu ko sarkin talakawa?

Kowane zamani ya sake fasalta Shivaji yadda ya dace da buƙatarsa. A 1869 Jyotirao Phule, mai fafutukar 'yancin waɗanda aka mayar ƙasa a al'umma, ya yi masa waƙar yabo a matsayin sarkin manoma. A shekarun 1890 Bal Gangadhar Tilak ya fara bikin tunawa da shi don zaburar da jama'a kan Turawan mulkin mallaka. A 1966 Bal Thackeray ya kafa jam'iyyar Shiv Sena, wato rundunar Shivaji, wadda ta fara da adawa da baƙi 'yan kudancin Indiya a Bombay, daga bisani ta karkata ga tsattsauran kishin Hindu.

Masu wannan ra'ayi suna nuna shi a matsayin wanda ya ceci addinin Hindu daga mulkin Musulmi, kuma irin wannan hoto ne ya fi fitowa a finafinai kamar Tanhaji na 2020 da Chhaava na 2025, wanda ya ba da labarin Sambhaji. Makonni bayan fitowar Chhaava, kiraye-kirayen a tone kabarin Aurangzeb suka haddasa tarzoma a birnin Nagpur.

Wasu masana kuma suna tunatar da cewa akwai Musulmi a manyan muƙaman rundunarsa, irin su Daulat Khan na sojin ruwa, kamar yadda akwai 'yan Hindu birjik a rundunar Mughal da ta Bijapur. Hatta Khafi Khan, marubucin tarihin Mughal da ba ya ƙaunarsa, ya shaida cewa Shivaji ya hana mutanensa taɓa masallatai da Alƙur'ani da mutuncin mata. Ɗan gurguzu Govind Pansare ya rubuta wani ƙaramin littafi da ya yi farin jini kan wannan fahimta. An harbe shi a Kolhapur a Fabrairun 2015, ya mutu bayan 'yan kwanaki.

A cikin Maharashtra kanta akwai jayayya tsakanin 'yan Maratha da 'yan Brahmin kan wanda ya tarbiyyantar da shi. Littafin da Ba'amurke James Laine ya wallafa a 2003 ya jawo fushi saboda ya ambaci wata jita-jita kan asalin mahaifin Shivaji. A Janairun 2004 'yan ƙungiyar Sambhaji Brigade suka far wa cibiyar bincike ta Bhandarkar a Pune, suka lalata tsofaffin rubuce-rubuce. Jihar ta haramta littafin, sai a 2010 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗage haramcin. A ƙarshen shekarar hukumar birnin Pune ta cire mutum-mutumin Dadoji Konddev, wanda Brahmin ne, daga gidan da Shivaji ya girma.

Rigimar jihohi

Da an tsallaka iyakar Maharashtra, labarin kan sauya. A Surat da ke Gujarat, tarihin birnin bai manta da ganimar da aka kwasa ba. A Bengal, hare-haren mahayan Maratha na shekarun 1740, da daɗewa bayan mutuwar Shivaji, sun bar tabon da ya shiga har waƙar lallashin yara.

Rigima mafi zafi ita ce da Karnataka. Tun da aka sake shata iyakokin jihohi bisa harshe a 1956, Maharashtra ke neman birnin Belagavi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, saboda yawan masu jin Marathi a wurin. Hukumar Mahajan ta ba da shawara a 1967 cewa birnin ya zauna inda yake, Maharashtra ta ƙi yarda, a 2004 kuma ta kai ƙara Kotun Ƙoli. Duk lokacin da wutar ta ruru, mutum-mutumi ne ke fara shan wahala. A Disamban 2021 aka watsa wa na Shivaji tawada a Bengaluru, nan da nan aka lalata na Sangolli Rayanna, gwarzon 'yan Kannada, a Belagavi.

Abin mamaki, Karnataka ma tana da nata iƙirarin. Kabarin mahaifinsa Shahaji yana garin Hodigere na jihar, inda ya rasu a 1664. A 2021 Mataimakin Babban Ministan jihar, Govind Karjol, ya ce kakannin Shivaji 'yan Karnataka ne, maganar da ta fusata 'yan siyasar Maharashtra. A gefe guda kuma 'yan Kannada suna alfahari da Belawadi Mallamma, sarauniyar da ta yi tsayin daka da rundunarsa lokacin da yake dawowa daga yaƙin kudu.

Hatta kayan tarihi ba su tsira ba. A 2024 gidan tarihi na Victoria da Albert na Landan ya ba Maharashtra aron wani makamin faratan damisa na shekara uku, aka baje shi a Satara da gagarumin biki, yayin da wasu masana ke cewa babu hujjar shi ne wanda aka kashe Afzal Khan da shi.

A Yulin 2025 hukumar UNESCO ta saka ganuwoyi 12 na Maratha a jerin wuraren tarihi na duniya. Goma sha ɗaya suna Maharashtra, ɗaya kuma ita ce Gingee. Maharashtra ta yi murna. A Tamil Nadu kuwa wasu sun yi ƙorafi cewa Gingee ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye kafin Shivaji ya iso ƙofarta, don haka bai dace a lissafa ta da sunan Maratha ba.

A Malvan, an riga an kafa sabon mutum-mutumi da ya fi wanda ya rushe tsayi. Shari'ar Belagavi kuwa ta haura shekara 20 a Kotun Ƙoli.