William Lyons: Ɗan mai shagon kayan kiɗa da ya ƙera motar da tsufa ke ƙara wa kuɗi

A nan Ɗan Issa, bakin iyaka, ba a yi mana gorin sanin mota. Mun yi shekara da shekaru muna ganin motocin da aka sauke a Kwatano suna biyowa ta Maraɗi, suna tsayawa wajen duwan, su nufi Jibiya da Katsina. Kowane dillali ya san ƙa'ida guda: mota tana ƙara shekaru, kuɗinta na raguwa, har ranar da za a sayar da ita a kilo. To amma akwai wata motar Ingila da ta saɓa wa wannan ƙa'ida. Sunanta Jaguar E-Type. An daina ƙera ta shekara hamsin da suka wuce, amma yau masu kuɗi rububinta suke yi a wajen gwanjo. Filinmu na tarihi zai duba rayuwar mutumin da ya kafa kamfanin da ya yi ta, wato William Lyons.

Daga babur aka faro

An haifi William Lyons ranar 4 ga Satumba 1901 a Blackpool, wani gari na bakin teku a arewa maso yammacin Ingila. Mahaifinsa ɗan asalin Ailan ne, yana da shagon sayar da kayan kiɗa. Yaron bai gaji sana'ar gida ba, shi dai babur ne ya ɗauke masa hankali. Ya fara koyon aiki a kamfanin motoci na Crossley da ke Manchester, amma bai daɗe ba. A 1919 ya dawo garinsu ya zama yaron shago a wajen wasu dillalan mota. Nan ya koyi abin da ya amfane shi har ƙarshen rayuwarsa: mai saye da ido yake fara ciniki, kafin ya tambayi inji.

A 1921 wani mai suna William Walmsley ya tare a unguwarsu. Shi wannan bawan Allah yana ƙera wani ɗan akwatin zama mai ƙafa ɗaya da ake maƙala wa babur a gefe, don ɗaukar fasinja. Kusan dabara ɗaya ce da ta adaidaita, sai dai fasinjan a gefe yake, ba a baya ba. Walmsley a hankali yake aikinsa, ɗaya bayan ɗaya. Lyons ya sayi guda, ya duba, ya ga kasuwa a ciki. Ya lallashe shi suka haɗa hannu, iyayensu maza suka tsaya musu a banki aka ba su damar cin bashin fam 1,000. Sai da aka jira Lyons ya cika shekara 21 kafin ya iya sa hannu a takarda. Ranar 4 ga Satumba 1922 aka kafa kamfanin Swallow Sidecar.

A 1927 suka shiga harkar mota. Sai su sayi shasin ƙaramar motar talakawa, Austin Seven, su ɗora masa bodi mai kyau, su shafe shi da fenti kala biyu. Mutumin da ba shi da kuɗin babbar mota sai ya samu abin fita kunya. Oda ta yi yawa har wurin ya yi musu kaɗan. A 1928 suka kwashe kayansu suka koma Coventry, cibiyar ƙera motoci ta Ingila a lokacin. A 1931 suka fito da SS1, mota mai dogon gaba, a kan fam 310. Wanda ya gan ta a hanya sai ya ɗauka ta ninka haka.

Walmsley bai da wannan dogon buri, a 1934 ya janye, Lyons ya zama mai faɗa a ji shi kaɗai. A 1935 ya ɗauko injiniya William Heynes, kuma a shekarar ne sunan Jaguar ya fara bayyana a jikin mota. Jaguar wata dabba ce mai kama da damisa, a dazukan Kudancin Amurka take. Ranar da aka buɗe sabuwar motar a wani otal a Landan, an nemi baƙi su ƙiyasta kuɗinta. Ƙiyasin nasu ya haura fam 600, alhali kuɗinta bai kai fam 400 ba.

Ta yaya yake iya haka? Tsimi da tanadi. An san shi da riƙon kuɗi, ba ya yarda a kashe ko sisi a inda mai saye ba zai gani ko ya ji ba. Kuma shi ba injiniya ba ne, ba ya ma zana mota a takarda. Tsayawa yake kan maƙeran bodi, a lanƙwasa ƙarfe, ya ja baya ya duba, ya sa a gyara, har sai idonsa ya gamsu.

Yaƙi, tsere da rashi

Lokacin yaƙin duniya na biyu jiragen Jamus sun yi wa Coventry ruwan bama-bamai. Ma'aikata kan kwana a masana'anta suna gadin gobara. A irin waɗannan darare ne Lyons da injiniyoyinsa, Heynes da Walter Hassan da Claude Baily, suka tsara injin da aka sa wa suna XK, mai silinda 6. Injin nan sai da ya yi aiki a motocin kamfanin har 1992. Bayan yaƙi haruffan SS sun zama abin ƙyama, don sunan dakarun Hitler ke nan. A 1945 aka mai da sunan kamfani Jaguar Cars.

A 1948 aka nuna XK120 a baje kolin motoci na Landan. Mutane suka yi shakkar gudun da aka ce tana yi. A 1949 aka kai ta wani miƙaƙƙen titi a Jabbeke ta ƙasar Beljiyam, ta yi sama da kilomita 210 a awa guda. Daga nan Amurkawa suka buɗe aljihu, a daidai lokacin da Ingila ke neman dala ido rufe don biyan bashin yaƙi.

Lyons ya gane cewa tsere talla ne. Motocinsa suka shiga gasar Le Mans ta Faransa, inda ake gudu awa 24 ba tsayawa sai shan mai da canjin direba. Jaguar ta ci a 1951 da 1953 da motar C-Type, ta sake ci a 1955, 1956 da 1957 da D-Type. A nasarar 1953 har da taimakon sabon burki da suka yi da kamfanin Dunlop, wanda ke damƙe wani faifan ƙarfe maimakon tsohon burki mai kama da ganga. Faifan ya fi saurin hucewa, don haka burkin ba ya sanyi idan ya sha aiki. Irinsa ne yau ke ƙafafun gaba na yawancin motocin da ke tasharmu.

Amma 1955 ba shekarar murna ba ce. Ɗansa namiji tilo, John, wanda ake sa ran zai gaje shi, ya rasu a haɗarin mota a Faransa yana kan hanyar zuwa Le Mans. A tseren na wannan shekara kuma wata mota ta faɗa cikin ƴan kallo, mutum sama da 80 suka mutu. A 1956 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. Ba a jima ba, a watan Fabrairun 1957, gobara ta tashi a masana'antarsa ta Browns Lane, ta cinye motoci sama da 200. Ma'aikata suka taru suka share toka, cikin ƴan kwanaki aka koma aiki.

Motar da ta fitar da sunansa

A watan Maris 1961, Nijar ba ta cika shekara da samun ƴancin kai ba, aka buɗe E-Type a baje kolin Janeba ta ƙasar Suwizalan. Wanda ya tsara siffarta Malcolm Sayer ne, tsohon ma'aikacin kamfanin jiragen sama, wanda da lissafi yake fitar da yadda iska za ta bi jikin mota. Doguwa ce, ƙasa-ƙasa, kujera biyu kacal. Masu son a ɗana su a ciki suka yi yawa har Lyons ya aika a kawo ta biyu. Direban gwajin kamfanin, Norman Dewis, ya kwana yana tuƙi daga Coventry, washegari da safe yana Janeba.

Injinta mai lita 3.8 ne, kamfanin ya ce ƙarfin doki 265 gare shi. Mujallun mota da suka gwada ta sun samu kusan kilomita 240 a awa, wato kilomita 4 kowane minti. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 kuwa, daƙiƙa 7 da ɗan wani abu. Gaskiyar magana, motocin da aka ba ƴan jarida an ɗan yi musu gyara na musamman, na kasuwa ba duka ke kai wannan ba. Duk da haka, ga burkin faifai a ƙafa huɗu, ga ƙafafun baya kowace na motsi da kanta a kan gargada. Kuɗinta kuma fam 2,100 ne zuwa 2,200, kusan rabin kuɗin Aston Martin, ballantana Ferrari.

Ba a rasa ta da aibi ba. Giyar farko ta motocin farko tana da taurin kai, inji kan yi zafi a cunkoso, dogon mutum yana takura a ciki, tsatsa kuma ba ta raga mata. A 1964 aka ƙara injin zuwa lita 4.2 da sabuwar giya. A 1968 dokokin Amurka, inda aka fi sayen ta, suka sa aka sauya fitilu da wasu sassa. A 1971 aka sa mata inji mai silinda 12. Kafin a rufe layinta a 1974, an ƙera sama da 72,000.

Kamfani ba magaji

Rashin John ya bar tambayar da Lyons bai samu amsarta ba: wa zai riƙe kamfani bayansa? Ga shi kuma kamfanin da ke buga masa bodi ya faɗa hannun babban kamfanin BMC. A 1966 ya yarda aka haɗe Jaguar da BMC, a 1968 kuma aka sake haɗewa aka samu British Leyland. A shekarar ce ya fito da XJ6, motar ƙarshe da ya tsaya a kanta daga farko har ƙarshe. A 1972 ya yi ritaya ya koma gonarsa ta Wappenbury, yana kiwon tumaki da shanu.

Yana gona yana kallon abin da ya gina na lalacewa. Yajin aiki ya yi yawa, inganci ya faɗi, masu saye suka fara gudu. A 1975 gwamnati ta karɓe British Leyland don kada ya durƙushe. Sai a 1980, da aka ba John Egan ragamar Jaguar, abubuwa suka fara daidaita, a 1984 kuma kamfanin ya sake tsayawa da ƙafarsa. Lyons ya ga wannan da idonsa. Ya rasu ranar 8 ga Fabrairu 1985 yana da shekara 83. Matarsa Greta, wadda ya aura tun 1924, ta bi shi a shekarar da ta biyo. Daga baya Ford na Amurka ya sayi Jaguar, a 2008 kuma ya koma hannun Tata na Indiya.

Me ke sa tsohuwar mota tsada?

A 1996 wani babban gidan adana kayan fasaha na New York ya sa E-Type cikin kayansa. A 2016 aka yi gwanjon D-Type ɗin da ta ci Le Mans a 1956, aka saye ta dala miliyan 21.78, wato sama da miliyar 12 na sefa. A 2017 wata E-Type ta tsere mai bodin alminiyom, cikin guda 12 kacal da aka ƙera a farkon shekarun 1960, ta tashi a dala miliyan 7.37. Sauran na gama-gari ba su kusa da haka, amma mai kyau a cikinsu, musamman ta shekarun farko, ta fi sababbin motoci da yawa tsada.

Masu saye abu huɗu suke dubawa. Na farko ƙaranci: nawa aka ƙera, nawa suka rage. Na biyu tarihi: wa ya mallake ta, wane tsere ta shiga. Na uku lafiyar bodi, don gyaran tsatsa a E-Type na iya cin kuɗin da ya fi na sayenta. Na huɗu, wanda ya fi shafar mu, lambobi. Ana son lambar inji da ta shasi su dace da abin da ke cikin rajistar masana'anta, har takardar shaida ake karɓowa daga masu ajiyar tarihin kamfanin. Motar da aka sauya wa inji, ko ta fi gudu, kuɗinta ya faɗi.

A nan ne hanyarmu da tasu ta rabu. Bakanikenmu gwani ne wajen raya mota: ya ciro injin wannan ya dasa wa waccan, Fijo 504 ta ci gaba da jigilar buhunan gero. Wannan dole ce ta sa, kuma ba abin raini ba ne. Amma duk mai tsohuwar mota a bayan gida, wadda injinta na asali ke ciki kuma takardunta na nan, ya yi tambaya kafin ya miƙa ta ga masu sayen ƙarfe. Ba kowace tsohuwa ce E-Type ba, amma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Shi kuwa William Lyons, da akwatin gefen babur da bashin banki ya fara. Bai samu magajin da ya so ba, kamfanin ma ya bar hannun iyalinsa tun yana raye. Abin da ya rage shi ne aikin da ya tsaya a kansa har sai da ya yi kyau. Matasanmu masu walda da gyaran kabu-kabu a bakin titi, wannan tarihi naku ne.