William Whewell (1794–1866): Ɗan Kafinta da Ya Raɗa wa Masana Kimiyya Suna

An haifi William Whewell a garin Lancaster na ƙasar Ingila a shekarar 1794. Mahaifinsa kafinta ne, ya kuma so ɗan ya gaje shi, amma hazaƙar yaron a lissafi ta kai shi Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij a 1812. A nan ya koyar da ilimin ma'adinai, daga bisani falsafar ɗabi'a, sannan ya shugabanci kwalejin daga 1841.

A zamaninsa Ingilishi ba shi da kalma guda da ta tattara masu binciken sinadarai da taurari da duwatsu. Masu falsafar halitta ake ce musu. A taron masana kimiyya na Birtaniya da aka yi a Kambirij a 1833, marubucin waƙoƙin nan Coleridge ya ƙi yarda su ci gaba da amsa sunan masu falsafa. Sai Whewell ya dubi ƙirar kalmar artist, ya ƙera scientist a kanta, ya kuma fitar da ita a 1834 cikin sharhinsa a kan wani littafi na Mary Somerville.

Kalmar ta sha suka. An ce ruwa biyu ce, domin saiwarta daga Latin take, ɗafa-ƙeyarta kuwa daga Girkanci. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, tunda Ingilishi cike yake da irin wannan gauraye. Abin da ya fi damun masanan shi ne sabon sunan ya yi musu kama da na mai sana'ar neman abinci. Amurkawa suka riga su karɓar ta, kuma har a 1894 T. H. Huxley yana ƙyamar ta.

Kalmomin da ya ba Michael Faraday a 1834 ba su gamu da wannan cikas ba. Faraday yana neman sunayen da ba su jingina da wani ra'i a kan lantarki ba, sai Whewell ya ba shi anode da cathode, wato hanyar hawa da hanyar sauka a Girkanci, da kuma ion, mai tafiya. Waɗannan sun cike giɓi ne kawai, ba su ƙwace wa kowa laƙabinsa ba, don haka suka zauna ba da jimawa ba. A littafinsa na 1840 a kan falsafar kimiyya ya ƙaro physicist, ya kuma shimfiɗa ƙa'idojin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi.

Ya rasu a Kambirij a watan Maris na 1866, bayan ya faɗo daga kan doki, a lokacin da yawancin takwarorinsa ba su amsa sunan da ya raɗa musu ba tukuna.