Hiraƙlu Sarkin Rum: Rayuwarsa, Halayensa da Yaƙe-yaƙensa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta littattafan sira ko na hadisi ya taɓa cin karo da sunan Hiraƙlu Sarkin Rum. Amma galibi sanin da aka yi masa a ƙasar Hausa bai wuce labarin wasiƙar da ta iso masa daga Madina ba, da tambayoyin da ya yi wa Abu Sufyan. Alhali kuwa mutumin nan ya yi shekara 30 da 'yan watanni bisa gadon sarauta, kuma a zamaninsa ne ƙasashen Sham da Masar suka canza hannu har sau uku. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun rayuwarsa, domin a ga yadda sarki guda ya ƙwato rabin daularsa daga hannun Farisa, sa'an nan kuma ya rayu har ya ga ta sake kuɓuce masa.

Daular Rum da ake nufi a nan ita ce wadda Turawa suke kira Bizantiya, watau rabin gabas na tsohuwar daular Rum. Babban birninta shi ne Ƙustantaniyya, wanda a yau ake kira Istanbul. A farkon ƙarni na 7 mulkinta ya haɗa da ƙasar Girka, da Anatoliya, da Sham, da Falasɗinu, da Masar, da Afirka ta Arewa, da wasu sassa na Italiya.

Asalinsa da Hawansa Gadon Sarauta

An haifi Hiraƙlu wajen shekara ta 575. Mahaifinsa, wanda shi ma sunansa Hiraƙlu, babban jarumi ne da ya yi suna a yaƙin Farisa a zamanin Sarki Moris, har sarkin ya naɗa shi gwamnan Afirka ta Arewa, ya zauna a birnin Kartaj, a cikin ƙasar Tunisiya ta yau.

A shekara ta 602 sojojin da ke tsaron kogin Danub suka yi bore, suka ɗora wani ƙaramin hafsa mai suna Fokas bisa sarauta. Fokas ya sa aka yanka 'ya'yan Moris a kan idonsa, sa'an nan aka kashe shi kansa. To, ashe Moris ne ya taimaki Kisra na Biyu, Sarkin Farisa, ya koma gadonsa a 591. Ko da Kisra ya ji labari sai ya ce zai ɗauki fansar maigidansa, ya tura runduna zuwa iyakar Rum. Fokas ya kasa tare Farisa, sai dai ya yi ta kashe manyan ƙasarsa bisa zargi.

A 608 gwamnan Kartaj ya yi tawaye. Da yake tsufa ya kama shi, sai ya tura ɗansa Hiraƙlu da jiragen ruwa, shi kuma Niketas, ɗan baffan Hiraƙlu, ya bi ta ƙasa ya ci Masar. Jiragen suka iso Ƙustantaniyya a watan Oktoba na 610, mutanen gari suka juya wa Fokas baya, aka kama shi aka kashe. Ranar 5 ga watan, babban limamin Kirista na birnin, Sarjiyus, ya ɗora wa Hiraƙlu kambin sarauta, kuma a ranar aka ɗaura masa aure da Yudokiya.

Shekarun Ƙunci

Sabon sarki ya gaji baitulmali wayam da runduna a warwatse. Ya nemi sulhu, Kisra ya ƙi. A 613 ya fita da kansa, aka kore shi kusa da Antakiya, Dimashƙu kuma ta faɗi. A 614 Shaharbaraz, sarkin yaƙin Kisra, ya ci Baitul Muƙaddas, ya kashe jama'a masu yawa, ya tafi da itacen gicciye wanda Kirista suka fi girmamawa a cikin kayan addininsu. A 619 Iskandariyya ta faɗi. Wannan ya fi kome ciwo, domin daga Masar ake kawo alkamar da ake ciyar da babban birni, kuma tun a 618 aka daina rabon burodi kyauta da talakawa suka saba samu. Wannan kaye da Rum ta sha shi ne wanda farkon Suratur Rum ya ambata, tare da albishir cewa za su yi rinjaye bayan 'yan shekaru.

Ta wajen yamma ma babu sauƙi. Awarawa da Silafawa sun ƙetaro Danub suna ƙone garuruwa. An ruwaito cewa abin ya kai Hiraƙlu ya yi niyyar mayar da fadarsa Kartaj, sai Sarjiyus ya hana shi. Maimakon haka sai ya ɗaure ciki. Ya buga sabon kuɗin azurfa a 615, ya rage albashin ma'aikata da rabi, majami'u kuma suka ba shi rancen kwanukansu na zinariya da azurfa, aka narke su aka biya soja. Ya sayi zaman lafiya daga Awarawa da zinariya 200,000, ko da yake sun taɓa yi masa kwanton ɓauna a wurin shawarar sulhu, ya tsira da ƙyar a guje, da kambinsa a hammata.

Yaƙin Farisa

A watan Afrilu na 622 Hiraƙlu ya bar birni a hannun Sarjiyus da wani babban bafade mai suna Bonus, ya haye Anatoliya. Ya tattara ragowar rundunoni, ya yi watanni yana horar da su, yana raba su gida biyu su gwabza kamar a fagen fama. Ya cusa musu cewa yaƙin nan na kare addini ne. A wannan shekara ya sami nasararsa ta farko a kan Shaharbaraz.

Dabararsa ita ce abin lura. Bai nufi Sham ko Masar ba, inda Farisa suka yi kaka-gida. Sai ya bi ta duwatsun Armeniya, inda akwai Kirista da zai iya ɗauka soja, domin ya soki Farisa ta arewa. A 624 ya ci Dabin da Nakciwan, ya shiga Azarbaijan, Kisra ya gudu daga Ganzak, Rumawa kuma suka rushe babban gidan wutar Majusawa da ke wannan yanki, ramuwar abin da aka yi wa Baitul Muƙaddas. A 625 Kisra ya aiko runduna uku su yi masa ƙawanya. Hiraƙlu ya yi ta zille musu a cikin duwatsu, yana far wa kowace kafin ta haɗu da 'yan'uwanta.

Babbar jarrabawa ta zo a 626. Awarawa suka kewaye ganuwar Ƙustantaniyya ta gefen Turai, Shaharbaraz kuma ya kafa sansani a ɗaya gaɓar mashigin Bosforus. Da wani sarki ne da ya juya da gudu ya ceci fadarsa. Hiraƙlu ya aika da wani sashe na runduna gudunmawa, ya ba ƙaninsa Tiyodor wani sashe, wanda ya karya rundunar Shahin a Anatoliya, shi kuwa ya tsaya a gabas. Ganuwa ta riƙe, jiragen Rum suka nutsar da kwale-kwalen Silafawa da za su ɗauko Farisawa, a watan Agusta Awarawa suka naɗe tabarmarsu.

A 627 ya ƙulla ƙawance da Turkawa a bakin birnin Tiflis, har ya yi wa shugabansu alkawarin auren 'yarsa. Da sanyi ya gabato Turkawa suka koma gida, kowa ya ɗauka yaƙin bana ya ƙare. Sai ga Hiraƙlu ya gangaro kudu cikin hunturu. Ranar 12 ga Disamba 627 ya haɗu da rundunar Rahzad kusa da kangon Ninawa, daura da Mosil, aka wuni ana fafatawa, Rahzad ya mutu, rundunarsa ta karye. Hiraƙlu ya wuce ya washe fadar Kisra ta Dastagird ya ƙone. Bai auka wa Mada'in ba, domin an karya gadojin hanya, kuma ba ya bukata. Manyan Farisa sun gaji. A Fabrairu 628 suka tuɓe Kisra suka naɗa ɗansa Shiruya, aka kashe uban, ɗan kuma ya nemi sulhu. A 629 Hiraƙlu ya daidaita da Shaharbaraz, Farisawa suka fice daga Masar da Sham, kuma a watan Maris na 630 ya mayar da gicciye Baitul Muƙaddas da hannunsa.

Halayensa

Jarumtarsa ba abin musu ba ce. Marubutan Rum sun ruwaito cewa yakan shiga sahun gaba, har an ji masa rauni a leɓe a Ninawa. Mawaƙin fadarsa, Jurjis na Fisidiya, ya bi shi yaƙin 622 ya wasa shi. Amma abin da ya fi jarumtar shi ne haƙurinsa: shekara goma sha biyu yana shan kaye da gori kafin ya shirya ramuwa.

Yana kuma da taurin kai. Bayan rasuwar Yudokiya a 612 ya auri Martina, 'yar 'yar'uwarsa, auren da addininsa ya haramta. Sarjiyus ya yi masa faɗa, bai ji ba. Ya riƙa tafiya da ita sansanin yaƙi, kuma da wasu 'ya'yansu suka zo da naƙasa, talakawa suka ce azabar Allah ce. Ga shi da tsanani. Ya ba da umarnin a tilasta wa Yahudawa shiga Kiristanci a 632, kuma da aka tona makircin da wani ɗansa, Atalarik, ya shiga, sai ya sa aka yanke masa hanci da hannuwa.

Kirista na daularsa sun daɗe a rabe a kan ɗabi'ar Almasihu. Yawancin mutanen Masar da Sham da Armeniya suna kan ra'ayin ɗabi'a guda, fada kuwa tana kan biyu. Hiraƙlu da Sarjiyus suka fito da ra'ayin tsaka-tsaki, aka kafa shi doka a 638, cewa nufin Almasihu guda ne. Babu ɓangaren da ya gamsu. A Masar wakilinsa Kirus ya matsa wa Kibɗawa lamba, har shugabansu Biliyaminu ya yi shekara goma a ɓoye. Daga baya, a taron 680 zuwa 681, majami'a ta yi watsi da ra'ayin baki ɗaya.

Haɗuwarsa da Musulmi

Malaman hadisi, ciki har da Imam Buhari, sun ruwaito cewa bayan sulhun Hudaibiyya Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Hiraƙlu wasiƙa ta hannun Dihyatul Kalbi yana kiransa zuwa Musulunci. Sun ce ya karɓe ta da girmamawa, ya bincika labari daga Abu Sufyan, amma manyan fadarsa suka yi tsaye, shi kuma bai bar addininsa ba. A 629 aka yi karon farko a Mu'uta. A 634 Musulmi suka karya rundunar Rum a Ajnadaini, Dimashƙu ta bi baya. Hiraƙlu ya tara babbar runduna, amma wannan karon bai jagorance ta da kansa ba, domin shekaru da rashin lafiya sun ci ƙarfinsa. A watan Agusta na 636 Halid ɗan Walid da 'yan'uwansa kwamandoji suka halaka ta a Yarmuk. Ba a jima ba Baitul Muƙaddas ta miƙa wuya ga Halifa Umar, kuma a ƙarshen 639 Amru ɗan Asi ya shiga Masar.

Me ya sa wanda ya kayar da Kisra ya kasa a nan? Yaƙin shekara 26 ya tsotse dukiya da mazajen Rum. Sham ta yi kusan shekara goma sha biyar a hannun Farisa, Masar wajen goma, ba a gama mayar da tsarin mulki a cikinsu ba. Ga bashin majami'a da za a biya da haraji mai nauyi, ga rigimar aƙida, an kuma ruwaito cewa an yanke kuɗin da ake ba kabilun Larabawa masu tsaron iyaka. A ɗaya ɓangaren kuwa akwai mayaƙa masu haɗin kai, da imani, da sanin hamada, da ƙwararrun shugabanni.

Duk da haka ya yanke shawara guda mai nauyi. Bai sake zuba ragowar sojansa a Sham ba. Ya janye su bayan duwatsun Torus, ya kwashe mutanen garuruwan iyaka ya bar wurin kango, don kada abokan gaba su sami guzuri. Wannan iyaka ta tsare Anatoliya ɗaruruwan shekaru.

Ƙarshensa

Ya komo gida jikinsa da zuciyarsa a karye. An ruwaito cewa tsoron ruwa ya kama shi, ya daɗe a gaɓar Asiya ya ƙi hayewa, sai da aka jera jiragen ruwa aka yi gada, aka kare gefenta da rassan itace don kada ya hangi teku. Ciwon kumburi ya kwantar da shi, ya rasu ranar 11 ga Fabrairu 641. Ya bar wasiyyar cewa Ƙustantin, ɗan Yudokiya, da Hiraƙlonas, ɗan Martina, su yi sarauta tare. Ƙustantin ya rasu bayan 'yan watanni, jama'a suka zargi Martina, aka yanke mata harshe, aka yanke wa ɗanta hanci, aka kore su. Jikansa Konstans na Biyu ya hau, zuriyarsa kuma ta riƙe sarauta har 711.

Kammalawa

Masana tarihi na da sukan jingina wa Hiraƙlu tsarin raba Anatoliya zuwa lardunan soja, amma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa tsarin ya kankama ne bayan rasuwarsa. Abin da ya tabbata shi ne a 629 ya fara amfani da laƙabin Girkanci na Basiliyus a cikin doka, alamar cewa Latin tana ba da wuri. Ya tarar da daula a bakin kabari ya tashe ta, Farisa kuwa ba ta sake miƙewa ba, sarkinta na ƙarshe ya mutu a 651. Sham da Masar da ya sha wahalar ƙwatowa sun tafi, amma birnin da ganuwarsa ta riƙe a 626, da Anatoliya da ya tsare bayan Yarmuk, su ne ginshiƙan da daular ta tsaya a kansu. Shekara fiye da ɗari takwas bayan rasuwarsa, a 1453, Sarkin Usmaniyya Muhammadu na Biyu ya ci Ƙustantaniyya.